Jiragen Ikeja zuwa Ƙasashen Maƙwabta: Wanne Ya Cancanci Kuɗin Mai Son Jirgi?

Tsakanin Legas da Akra kilomita kusan 400 ne ta sama, kuma daga ɗagawa zuwa sauka ba a cika awa ɗaya ba. Da yake agogon Gana yana bayan na Najeriya da awa guda, wanda ya bar filin jirgin Legas da ke Ikeja ƙarfe 8 na safe zai sauka ya tarar da agogon Akra yana wajen ƙarfe 8 ɗin. Ga ɗan kasuwa, abin da ya dame shi kawai ya isa da kayansa. Amma akwai masu son jirgi don jirgin kansa, irin mutanen da a Agege da Dopemu ba sa iya ci gaba da magana idan jirgi ya sauko ta kansu ya zaro tayoyi, sai sun ɗaga kai sun gane ko wane iri ne. Su wannan sharhin ya fi shafa, kuma ra'ayinmu a kansa shi ne: gajerun tafiye-tafiyen yankin nan sun fi tafiyar Jidda ko Landan nuna wa mutum yadda jirgi yake aiki, da sharaɗin ya sayi tikiti bisa irin jirgin da lokacin tashinsa. Wanda ya bi araha kaɗai yakan biya kuɗi mai yawa ya zauna a kujerar tsakiya bai ga komai ba.

Tun da Air Afrique ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways ya bi shi a 2003, babu wani kamfani guda da ya riƙe yankin. Yanzu rabawa ake yi. ASKY, wanda ya fara tashi a 2010 tare da haɗin gwiwar Ethiopian Airlines, cibiyarsa Lome ce, kuma Boeing 737 yake amfani da su. Africa World Airlines na Gana ya fara a 2012 da ƙananan Embraer ERJ-145. Air Côte d'Ivoire yana da Airbus A319 da A320 da kuma Dash 8-400 mai farfela. A gida akwai Air Peace, mai jirage iri-iri daga ERJ-145 har Boeing 777, da Ibom Air na gwamnatin Akwa Ibom, mai CRJ900 da Airbus A220, wanda ya fara zuwa Akra a 2023. Jadawali yana canzawa daga kaka zuwa kaka, don haka abin da ke shafin kamfani ranar da za ka saya shi ne abin bi.

ERJ-145, wanda ya fi kowa ba da labari

Idan sau ɗaya za ka yi tafiyar nan, yi ta a ERJ-145. Ƙirar Burazil ne, kujeru 50, kuma tsarinsu ɗaya a hagu, biyu a dama. Kujerar hagun nan ita ce abin nema: taga taka ce, hanya ma taka ce, babu wanda zai taɓa ka ya ce zai wuce. Rufin cikinsa bai wuce mita 1.8 da ɗan abu ba, dogon mutum sai ya sunkuya tun daga ƙofa. Injinansa biyu ƙirar Rolls-Royce, AE 3007, suna manne a bayan jirgi kusa da wutsiya, ba a ƙarƙashin fiffike ba. Wannan ya sa gaban jirgin shiru ne, iska kawai kake ji tana shafar jikinsa, layuka uku na ƙarshe kuwa sai an ɗaga murya kafin a ji juna, ga ban-ɗaki a wurin. Mai son jin yadda inji ke ɗaukar wuta lokacin tashi ya zauna baya. Mai son ganin ƙasa ya nemi layi na 3 zuwa na 7, domin fiffiken yana can baya da tsakiya, ba ya tare komai.

Akwai wani abu da mai lura zai gani idan ya zauna kan fiffike: gaban fiffiken ERJ-145 ba ya zamewa. A Boeing 737 ko CRJ900 za ka ga gefen gaba ya zamo ƙasa lokacin tashi da sauka don ƙara ɗagawa. ERJ-145 ba shi da wannan, faifan bayan fiffike kaɗai yake saukarwa, shi ya sa yake cin titi fiye da yadda girmansa zai sa ka zata, musamman da rana tsaka cike da lodi.

Aibinsa wurin kaya ne. Akwatin sama a ɓangaren dama kawai yake, kuma siriri ne. Jakar hannu mai taya wadda ke shiga 737 ba tare da gardama ba, nan ba za ta shiga ba. A gindin matakala za a karɓe ta a ɗaura mata alama a kai ta wurin kaya, a miƙo maka ita bayan sauka, wani lokacin a gindin jirgi, wani lokacin sai a kan bel ɗin kaya. Don haka kafin ka fito daga ɗakin jira, ciro fasfo, kuɗi, magani, kwamfuta, kamara da fawa bank ka sa su a ƙaramar jaka da za ta shiga ƙarƙashin kujera. Fawa bank musamman ba a yarda ya shiga wurin kaya ba, saboda batirin litiyam idan ya kama da wuta a can babu mai kai masa hannu. Ƙa'idar da aka saba ita ce har zuwa Wh 100 (Wh ma'aunin wutar da batiri ke ɗauka ne) ba tare da neman izini ba. Mai mAh 20,000 yana wajen Wh 74, ya wuce lafiya. Wanda ya haura mAh 27,000 shi ne ke jawo tsayawa a wurin bincike.

A jirgi mai wannan ƙanƙanta nauyi ba abin wasa ba ne. Idan ma'aikaciyar jirgi ta ce mutum uku na gaba su koma baya, ba raini ba ne. Ana lissafin inda nauyin jirgi ya taru kafin kowace tashi, kuma a jirgi mai kujeru 50 mutum uku sun isa su karkatar da lissafin. Haka nan idan aka haɗu da zafi, da cikar fasinja, da ƙarin man da matuƙi ya ɗauka saboda hadari a hanya, abin da ake ragewa kaya ne. Wannan shi ne asalin jakar da ta kwana a Legas mai ita yana Akra. Mai buhunan atamfa ko takalma ya nemi 737 ko Airbus, ya huta.

Sauran masu injin jet

CRJ900 ƙirar Kanada ne, kujeru har 90, biyu-biyu, shi ma injinansa a baya. Ya fi ERJ tsawo sosai, yana da saurin hawa, amma akwatin samansa bai fi na ERJ da yawa ba, kuma kujerar taga jikin jirgi yana lanƙwasowa ya matse kafaɗa. Jirgi ne mai kyan gani daga waje fiye da zama a ciki.

Embraer E195-E2 wani abu ne daban. Air Peace ne ya fara karɓar sa a Afirka, a farkon 2021, da kujeru 124. Biyu-biyu ne, babu kujerar tsakiya, akwatin sama yana ɗaukar jakar taya, kuma injinansa na Pratt & Whitney suna da giya tsakanin fankar gaba da cikin injin, wadda ke barin fankar ta juya a hankali. Sakamakon shi ne ƙarancin ƙara da ƙarancin shan mai. Airbus A220 na Ibom Air dangin injin nan yake ɗauke da shi. Kujerunsa biyu a hagu, uku a dama, tagoginsa manya, kuma idan yana tafiya a ƙasa aka ɗan ƙara masa wuta yakan yi wani dogon kuka mai zurfi da ke tsorata wanda bai san shi ba. Ba lalacewa ba ce, halin injin ne. Wajen jin daɗin zama, waɗannan biyun su ne kan gaba a duk abin da ke tashi daga Ikeja zuwa maƙwabta.

Boeing 737 da Airbus A320 kowa ya san su: uku-uku, wurin kaya isasshe. Abin da mai son jirgi zai duba a na ASKY shi ne ko 737-800 ne ko MAX 8. Bayan murfin injin MAX yana da haƙora kamar na zarto, kuma injin ya fi girma ya ɗan turo gaba. Kada ka dogara da bakin fiffike kaɗai, domin wasu 737-800 ma an sa musu mai reshe biyu.

Masu farfela

Daga Legas kai tsaye zuwa waje, jet ne ya fi yawa. Mai son farfela ya fi samun ta idan ya ƙara zango a cikin ƙasar da ya je: PassionAir yana ɗaukar Dash 8 daga Akra zuwa Kumasi da Tamale, Air Côte d'Ivoire yana zuwa Korhogo da San Pedro da Dash 8-400. Wanda ke da dangi a zangon Kumasi ya samu dalili biyu ke nan.

Dash 8-400 fiffikensa a sama yake, kuma manyan tayoyinsa a cikin gidan inji suke naɗewa. Idan ka zauna a taga ƙarƙashin fiffike, tayar tana gabanka: za ka ga ƙofofinta sun buɗe, doguwar ƙafar ta miƙe ta kulle, sannan lokacin da roba ta taɓa kwalta wani ɗan farin hayaƙi ya tashi, tayar da ke tsaye cak ta ɗauki juyi nan take. Babu wani jirgin fasinja a yankin da ke nuna maka sauka kusa haka. Farfelarsa mai ganye shida ce, gudunsa ya haura kilomita 650 a awa, kuma yawanci ba ya wuce ƙafa 25,000, don haka gonaki da rafuka ba sa ɓace maka. Ƙara kuwa akasin ERJ ce: layukan da ke daidai da farfela su ne masu jijjiga, baya ya fi shiru.

ATR 72, wanda a gida za ka same shi wajen Overland da Green Africa, ya fi Dash sanyin gudu, kusan kilomita 500 a awa. Ta ƙofar baya ake shiga, saboda ɗakin kaya yana tsakanin fasinja da matuƙa, don haka wanda ke son fita da wuri layin ƙarshe zai zaɓa. Idan kana hawa ka ji injin dama yana ruri amma farfelarsa ba ta motsi, birki aka sa mata. Injin ne ke ba jirgin wuta da iska a ƙasa, tunda ba shi da ƙaramin injin wutsiya irin na jet.

Ranar tafiya a Ikeja

Ko Kwatano za ka, wadda ba ta fi kilomita ɗari da 'yan kai ba daga Legas, tafiyar ƙasa da ƙasa ce, daga ɓangaren ƙasa da ƙasa na filin Murtala Muhammed za ka tashi. Ba MMA2, sabon ginin jiragen cikin gida, ba, ba kuma tsohon ɓangaren cikin gida ba. Mutane na yin wannan kuskure saboda sun saba hawa kamfanin nan zuwa Kano ko Abuja daga can. Ɓangaren ƙasa da ƙasa kansa gini biyu ne, tsohon na 1979 da sabon da aka buɗe a 2022, kuma an sha sauya wa kamfanoni wuri, don haka ka tabbatar da naka kwana ɗaya kafin tafiya. Awa uku kafin tashi shi ne daidai, domin yawancin kamfanoni suna rufe awon kaya awa ɗaya kafin lokaci. Wanda zai taso daga Obalende ko Idumota ya ƙara wa kansa lissafin gadar Third Mainland da Oshodi. Na Idi-Araba da Agege sun fi kusa, amma ruwan sama ɗaya ya isa ya mayar da minti 30 awa biyu.

Takardu biyu ne ba a sasantawa a kansu: fasfo, da katin rigakafin zazzaɓin shawara, wato katin nan rawaya. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka ba abin da za a yi ana gobe tafiya ba ne. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A Najeriya hukumar lafiya ta tashoshin shiga ƙasa ce ke bayar da katin, kuma sabon yana da lambar da ake dubawa da na'ura. Wanda aka sayo a bakin hanya zai kunyata mai shi a gaban layi. A ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan Najeriya yana shiga Gana, Togo, Benin, Kwaddibuwa ko Senegal ba biza har kwana 90. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, Kamaru kuma dama ba ta ciki, don haka mai zuwa Yamai, Bamako, Wagadugu ko Duwala ya tambayi ofishin jakadanci sharuɗɗan shiga kafin ya biya kuɗin tikiti.

Bayan awo akwai jami'an shige da fice, kwastan da NDLEA. Yaji, kuka, daddawa da garin magani a leda marar rubutu su ne ke sa a zazzage jaka. Ruwa ko turare a jakar hannu kada kwalba ta wuce mililita 100, kuma girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a cikinta ba, abin da ke cinye wa mutane turare mai tsada ke nan. Kuɗin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa a bayyana shi. Saƙon wanda ba ka sani ba kuwa, ko ya gaishe ka da Hausa mai daɗi ya kira ka Alhaji, amsar ita ce a'a.

Ƙananan jirage sau da yawa nesa da gini ake ajiye su, a kai ku da bas. Wasu na ƙorafi, amma ga mai son jirgi wannan shi ne garaɓasar tikitin: ka taka filin da ƙafarka, ka ji warin man jirgi, ka karanta lambar rajista a jikin wutsiya. 5N Najeriya ce, 9G Gana, TU Kwaddibuwa, 6V Senegal, 5V Togo. Jiragen ASKY da dama ET suke ɗauke da ita, ta Habasha, saboda alaƙarsu da Ethiopian. Idan kuma ka ga farin jirgi marar ado da lambar Turai, haya aka ɗauko shi da matuƙansa, abin da ke yawaita a Disamba. Da lambar nan za ka iya duba shekarun jirgin da inda ya yi aiki a baya, kuma Flightradar24, shafin intanet mai bin sawun jirage, zai nuna maka inda ya kwana da zangon da ya yi kafin naka.

Sai dai a riƙe waya a aljihu a filin. Ɗaukar hoto a gindin jirgi abu ne da jami'ai ke hanawa a yawancin filayen yankin, kuma wasunsu, kamar na Yamai, suna haɗe da sansanin sojan sama. Babbar kamara mai dogon baki ta isa ta sa a kai mutum ofis ya rasa jirginsa. Daga taga bayan an tashi babu mai hana ka. Ɗakin matuƙa a kulle yake duk tsawon tafiya, amma bayan an sauka fasinja sun ragu, ka roƙi shugabar ma'aikata cikin ladabi. Sau da yawa matuƙa na farin ciki da mai tambaya, har su sa hannu a littafin da kake rubuta tafiye-tafiyenka.

Wace taga

Titunan tashi da sauka na filin Ikeja biyu ne, 18R mai tsawon mita 3,900 da 18L wanda ya fi gajarta. Lamba 18 tana nufin digiri 180, wato kudu, kuma saboda iskar da ke busowa daga teku yawancin tashi da sauka kudu ake fuskanta. Shi ya sa masu sauka ke bi ta kan Agege. Bayan tashi jirgi yana juyawa yamma ya bi gaɓar teku. A tafiya yamma ƙasa ta fi zama a hannun dama: Badagry, Kwatano da tafkin Nokoué inda garin Ganvié ke tsaye a kan ruwa, tashar jiragen ruwan Lome, tafkin Keta, sannan bakin kogin Volta a Ada. A dawowa kuwa hagu ce. Ma'ana, kujerar kaɗaici ta ERJ-145 teku za ta fi nuna maka a tafiya, gaɓa a dawowa. Wanda ya iya lissafi sai ya ɗauki tagar dama zuwa Akra, ya ajiye ta hagu don komowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana shafe duk wannan, a damina gajimare ne. Nuwamba da Maris sun fi ba da kallo.

Hidimar ciki ba ta da yawa, kuma bai kamata a zargi kowa ba: tsakanin kashe alamar ɗamara da fara gangarowa wani lokaci minti 20 ne. Ruwa, lemo, da ɗan burodi ko biskit a kwali. Idan da nama a ciki, tambaya ba laifi ba ce. Abinci mai zafi sai a dogayen zango irin na Dakar. Mai mura ya yi hattara da saukar ƙananan jet, domin a gajeren zango gangarowa tana da sauri, kunne kuma yana toshewa har ya yi ciwo. Haɗiyar yawu ko tauna cingam tun daga fara gangarowa tana taimakawa.

Inda abin ke ɓaci

Jinkiri shi ne babban aibin hidimar nan gaba ɗaya, kuma yana da dalilai da ake iya gani. Jirgi ɗaya yana yin zango biyar ko shida a rana. Idan ya makara minti 40 a Kano saboda hazo da safe, makarar nan tana bin sa tana ƙaruwa har zuwa jirgin Akra na yamma. Kamfanonin ƙanana ne, ba su da jirgin ajiya da ke zaune yana jira. Tsuntsu ɗaya ya faɗa inji, dole a ajiye jirgin a duba shi, kayan gyara kuma daga waje ake sayo su da dala. A damina, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba da Oktoba, hadari mai iska yana hana sauka, sai a yi ta zagaye ko a karkata zuwa wani filin. Maganin da ke hannun fasinja ɗaya ne: jirgin farko na safe, wanda ya kwana a Ikeja. Ya fi kowane tashi a kan lokaci, kuma iska ba ta fara gargada ba.

Na biyu, sauya jirgi. Ka sayi tikiti don A220 ka tarar da wani abu daban a ƙofa. Tikiti alkawarin kai ka ne, ba alkawarin irin jirgi ba, don haka babu diyya. Hanyar rage wannan ita ce duba abin da ya yi wannan zango a kwanaki bakwai da suka wuce, ko zaɓar kamfani mai jirgi iri ɗaya.

Na uku, haɗa zango. Tsarin ASKY shi ne jirage su taru a Lome da tsakar rana daga ko'ina, a yi musayar fasinja, su watse cikin ɗan lokaci, kamar tashar mota ranar kasuwa. Ga mai kallo babu kamarsa, domin jiragen na jere a gabanka. Idan tikitinka guda ne tun daga Legas har Dakar ko Banjul, nauyin kai ka yana kan kamfani ko da an makara. Idan kuwa tikiti biyu ka saya daga kamfanoni daban don rage kuɗi, ranar da na farko ya makara na biyun ya tafi da kuɗinka. Araha ba ta ado. Wanda dole sai ya raba, ya bar aƙalla awa huɗu a tsakani, ko ya kwana.

Dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, sashe na 19, sun ba fasinja haƙƙin abin sha da hanyar sanar da 'yan'uwa idan jinkiri ya kai awa biyu, abinci da masauki kuma idan ya yi tsawo, kuma hukumar tana da teburin karɓar ƙorafi a filin. Idan jaka ba ta zo ba ko ta zo a fashe, kada ka bar ɗakin kaya sai ka cike takardar rahoto ka karɓi lambarta. A yarjejeniyar Montreal ta 1999, ƙorafin lalacewar kaya a rubuce yana da kwana 7, na makarar kaya kwana 21. Ƙaramar takardar da aka manna a bayan katin shiga jirgi ita ce shaidarka, kada ka yar da ita a kujera.

Kuɗi

A gaskiya tikitin yankin nan yana da tsada idan aka auna da nisansa. Buɗe rasit ɗin ka duba: wani kaso mai kauri haraji ne da kuɗin filin jirgi da na tsaro na ƙasashe biyu, ba kuɗin kamfani ba. A Disamban 2024 shugabannin ECOWAS sun amince a rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin 100 daga Janairun 2026, kuma layukan ƙasan rasit ne za su nuna maka abin da ya iso aljihunka. Duk da haka, wanda ya san hanyar mota zuwa Akra, da iyakokinta uku a Seme, Hillacondji da Aflao, ya san yini guda ake musanyawa da awa ɗaya. Tikiti mafi araha wani lokaci ba ya haɗa da jakar awo ko damar sauya rana, don haka a karanta kafin a biya. Kilo 23 shi ne abin da aka fi bayarwa a jaka, kuma kuɗin ƙarin kilo a kan kanta ya fi na intanet zafi.

Ga mai kwana uku da niyyar ganin jirage, zagayen da ya fi biyan kuɗinsa shi ne Legas zuwa Akra da safe a ERJ-145, washegari Akra zuwa Kumasi ko Tamale a Dash 8 a dawo, sannan komowa Legas ko dai kai tsaye a A220 ko E195-E2 idan jadawali ya ba da, ko ta Lome a 737 don a ga taron tsakar rana. A riƙe sidi kaɗan don Gana, sefa don Togo, kuma a tuna sefar Lome da Abijan ba ita ce ta Duwala ba, ko da darajarsu ɗaya a kan Yuro. Agogon waya a bar shi ya sauya da kansa, domin lokacin da ke kan tikiti na garin da za ka tashi ne, kuma a dawowa daga Akra ko Lome awa ɗayan da ka ci a tafiya za ka biya ta.